Diddigen da Ya Keta Zanin Gadon Amarya

Lokacin da na yi aure, cikin shekarun tamanin, ina da fangalan shinkafa a bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure, ina kuma da diddige irin wanda ƙaya ke gani ta kauce. Tun da ruwan dam ya iso yankinmu muka daina sanin hutun rani. Da damina shinkafa, da rani alkama da tumatir da albasa. Ƙafa kullum cikin taɓo take, in ta fito rana ta gasa ta, gobe a koma. Faso ya tsattsaga mini diddige kamar ƙasar fadama in ruwa ya janye. Ban taɓa ɗaukar wannan abin damuwa ba, alfahari ma nake yi da shi. A majalisarmu ta bakin gada, wanda ya fi kaushi shi ne ya fi noma, ni kuwa ba a bar ni a baya ba.

Amaryata 'yar Kumbotso ce, gidansu 'yan kasuwa ne, ba su san taɓo ba. Cikin kayan ɗakinta akwai wani zanin gado shuɗi mai furanni, tsarabar gwaggonta daga aikin hajji, tana ji da shi ƙwarai. Wata safiya ina shirin fita gona sai na ga ta ɗaga shi a hasken ƙofa tana dubawa. Wajen ƙafa duk zare ya tsintsinke, ga kuma wata doguwar yaga.

Ta ce, "Malam, ko akwai ɓera a ɗakin nan ne?"

Na ce ai gidan manomi ba ya rabo da ɓera, ranar kasuwar Bunkure zan sayo tarko.

Ta dubi zanin, ta dubi ƙafata, ta ce, "Ɓeran nan dai gefenka kaɗai yake ci."

Da yamma na dawo na tarar ta ajiye mini ɗan gwangwani cike da man kaɗanya. Na ture shi gefe. Na ce mata shafa mai aikin mata ne da jarirai, ni in abokaina suka ji ina ƙamshin man kaɗe ina zan sa kaina? Ba ta ja da ni ba, ta ɗauke abinta.

Amma maganar ta tsaya mini a rai. Na yanke shawarar zan gyara ƙafar, sai dai gyara irin na maza. Ina da wani aboki mai gyaran injin ban-ruwa, shi na kai wa kukana a asirce. Ya ce wannan ai ƙaramin abu ne: in sami sabuwar reza in fere kaushin, sannan in ɗura baƙin mai cikin fason, irin wanda ake juyewa daga inji. Ya ce ƙarfe ma da shi yake laushi, balle fatar ɗan Adam. Na ga hujjar ta zauna daram. Har ya tsiyayo mini a kwalba.

Na zauna bayan rumbu na fere diddigena kamar mai fere rogo, har sai da na ga ja-ja ya fara leƙowa. Na ɗura man, na miƙe ina jin kaina likita. Abin da ban yi tunani ba shi ne mai ba ya zama inda aka sa shi. Duk inda na taka sai na bar shaida: a daɓen tsakar gida, a tabarma, har kan buzun sallata. Ɗakin amarya da ke tashin turaren wuta ya koma warin gareji. Ita dai sai bin sawuna take da tsumma, hakan kuwa ya fi mini faɗa zafi.

Washegari na shiga fangali da ɗanyen ciwo, ga ruwan da aka watsa wa takin zamani. Kafin kwana biyu ƙafa ta kumbura tana zogi, ko takalmi ba ya shiga. Ana tsakiyar dashe, ni da nake taƙamar babu mai riga ni gama layi, sai ga ni zaune kan kunya ina korar tsuntsaye da baki. A kan keke aka kai ni asibitin sha-ka-tafi a Kura. Malamin asibitin ya ɗaga ƙafar, ya sunsuna, ya ce, "Wannan ƙafa ce aka kawo mini ko babur?" Ya wanke ta da wani magani mai raɗaɗi, ya ɗaure, ya ce kada in kuskura in shiga ruwa sai ta warke.

Zaman jinyar nan shi ya karya mini girman kai. Da ciwon ya rufe, amarya ta fito da gwangwanin nan ba tare da ta ce ai na faɗa maka ba. Ta kafa mini ƙa'ida. In na dawo gona, wanka da ruwan rijiya, ba tsoma jiki a kanal in ce na yi wanka ba. Sabulun salo da soso mai laushi, ba ƙullin buhu da nake dirzawa ba. Ƙafa a jiƙa ta cikin ruwan ɗumi, a goge da dutsen kaushi a hankali, sannan a shafa mai tun jiki bai gama bushewa ba. Ta sa na sayi dogon takalmin roba na shiga ruwa da malafa mai faɗi, ta kuma riƙa haɗa ni da butar ruwan sha, wai fatar da ba ta sha daga ciki ba, ba ta jin mai a waje. Ni da ban iya cin tuwo sai da miyar kuka, na koyi cin zogale da tumatirin da nake nomawa ina loda wa motocin Kudu ban taɓa ɗanɗana shi ɗanye ba.

A majalisa na sha tsiya. Suka ce ina ƙyalli kamar sabon kwano, wani ya ce saura lalle da kwalli. Na riƙa cewa umarnin likita ne. Ƙarya nake yi, daɗinsa na fara ji. Ashe mutum na iya miƙe yatsunsa da safe ba tare da fata ta tsage ba.

Da sallah muka je gaisuwa Kumbotso. Kakanta na wajen uba tsoho ne, idonsa ya yi rauni, da hannu yake gane mutane. Na durƙusa, ya kamo hannuna yana shafawa, ya juya shi ciki da bai.

Ya ce, "Wane ne wannan?"

Aka ce masa angon jikarsa ne, manomin nan na wajen Kura.

Ya ce, "A'a. Ni manomi na ba jikata. Wannan hannun ko na malamin makaranta ne, ko na malalaci."

Na shiga yi masa bayanin buhunan da na samu a shekarar, yana ta girgiza kai. Ita kuwa tana daga bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya. Har muka yi sallama tsohon bai yarda ba, sai da ya sa na yi masa alkawarin in kaka ta yi zan kawo masa shinkafa ya taɓa da hannunsa.