Bishiyar Malam a Bakin Teku

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, bayan Hajiya ta fita takaba, na matsa mata sai da ta zo Doha ta huta a wurina. Ina aikin haɗa magunguna a wani asibiti, muna zaune a unguwar Mesaimeer ni da maigidana. Hajiya ba mai son tafiya ba ce, don na kafe ne kawai ta zo. Tun daga filin jirgi ta fara mita: sanyin na'ura ya yi yawa, mutane ba sa gaisuwa, gari duk bene babu inuwar zama.

Maganar inuwar nan ba mita ba ce kawai. Mahaifinmu mutum ne mai dashe. Duk darbejiyar da ake hira a ƙarƙashinta a layinmu na Funtua shi ya dasa ta, ya kewaye ta da ƙaya, ya yi ta rigima da awakin maƙwabta har ta fi ƙarfinsu.

Ina da aminiya a Doha, tun makarantar kwana muke tare, ita ce babbar ƙawa a bikina. Hajiya "'yata" take ce mata, ni kuwa da nake 'yar fari ko sunana ba ta kamawa. Aminiyar tana aiki a wani otal na bakin teku, gaba da garin Wakrah, irin waɗanda ke tallar kansu da kula da muhalli: babu ruwan roba, wuta daga hasken rana, tawul ba a canza maka sai ka roƙa. Nakan tsokane ta cewa rowar sabulu ce aka raɗa wa suna mai daɗi, ita kuma ta ce ni baƙauya ce da digiri.

Ita ta kawo shawarar. Ta zo gaishe da Hajiya, ta durƙusa har ƙasa, ta ce otal ɗinsu na bai wa baƙi dama su dasa bishiyar nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, wadda Larabawa ke ce wa ƙurm.

"Hajiya, ai sadaka ce mai gudana," in ji ta. "Kifi na fakewa a saiwarta, tsuntsu na sauka a kanta. Duk abin da ya amfana, ladan na Baba ne. Ni da kaina zan kula da ita."

Tun zuwan Hajiya ban ga fuskarta ta saki ba sai ranar.

Muka je da safe, ruwa ya janye. Hajiya ta tuɓe takalmi, ta tattare zani, ta shiga laka ba ko tsantseni. Aka miƙa mata ɗan shebur, ta ce a'a, da hannu za ta yi. Da aka kawo ɗan katakon da ake rubuta sunan mai bishiya, aminiyata ta tambaye ta me za a sa. Hajiya ta kau da kai. Duk tsawon zaman aurensu ban taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba, ba za ta fara a gaban Larabawa ba. Ta ce, "Ku rubuta Malam." Na rubuta Malam. Ta daɗe a tsugune tana addu'a har ruwa ya fara taɓa mata idon sawu.

Bayan ta koma gida, aminiyata ta riƙa turo mini hoton bishiyar lokaci zuwa lokaci, da katakon a jikinta, ni kuma in tura wa Hajiya. Ganye ya ƙaru, kara ya yi kauri. Hajiya ta nuna wa kowa a unguwa, har mai kawo mata nono ta san Malam yana da bishiya a cikin teku. Duk Juma'a in mun gaisa, kafin ta tambayi lafiyata sai ta tambayi bishiya. Ina jin haushin haka, ina kuma jin daɗi.

Na sha cewa zan je in gani da idona. Kullum aminiyata na da dalili: yau ruwa ya cika, gobe ana gyara, jibi akwai manyan baƙi. Ban kawo komai a raina ba. Wa zai zargi wadda suka ci kwano ɗaya tun suna yara?

Wata ranar hutu na je sayen kifi a tashar jiragen ruwa ta Wakrah, na ga ruwa ya janye, na ce bari in ƙarasa otal ɗin in ɗauko wa Hajiya bidiyo. Mai gadi ya san ni, ya buɗe mini. Na gangara inda muka yi dashen, na tarar da fili fetal, laka sumul kamar an shafe ta da hannu. Can gefe wasu ma'aikata suna tumɓuke 'yan tsirai suna mayarwa cikin tukwanen roba. Ɗayansu ɗan Zango ne na Gana, na taɓa jin Hausarsa, sai na tambaye shi ina bishiyoyin bara.

"Madam, babu na bara," ya ce. "Baƙi su dasa, su tafi, mu cire, sababbin baƙi su dasa. Mai otal bai so itace ya tare wa ɗakuna teku. Khalas, shi ke nan."

Na tambayi wadda ke cikin hoto. Ya nuna mini bayan ɗakin ajiya. Wata babba ce a cikin tukunya, ana rataya mata katakon duk wanda za a tura wa hoto.

Ban san lokacin da na isa ofishin aminiyata ba, da lakar a ƙafata. Tana ganina ta gane. Ta tashi ta rufe ƙofa.

"Ƙawata, zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Kin sani tun ranar?"

"Na sani. To ya kike so in yi? Mai otal ɗin kafil ɗina ne fa, shi ya tsaya mini, zamana a ƙasar nan a hannunsa yake."

"Wa ya ce ki yi faɗa da kafil? Ke kika taka har gidana. Ba shi ya durƙusa gaban uwata ba."

"Na ga tana cikin damuwa ne, na so ta samu sanyi. Kuma ai niyya ake dubawa, ladan ya riga ya isa."

Wannan ce ta ƙona ni fiye da komai. Da otal ne kawai ya yaudare ni, da na yi tsaki na wuce, 'yan kasuwa ne, ban taɓa ɗaukarsu waliyyai ba. Amma ita ta san mahaifina, ta sha inuwar darbejiyarsa, ta karɓi kuɗin mota daga hannunsa in za mu koma makaranta. Ta tsaya tana kallon tsohuwa tsugune cikin laka tana hawaye, alhali ta san kafin Hajiya ta sauka Kano an cire abin. Ga shi yanzu tana mini fatawa. Na ce Allah ya isa, ban taɓa zaton kalmar za ta fito daga bakina zuwa gare ta ba, na fita.

Na ƙudurta zan gaya wa Hajiya gaskiya ranar Juma'a. Na shirya yadda zan fara, na maimaita a mota. Da ta ɗauki waya muryarta ƙasa ƙasa, ciwon ƙafa ya tashi, ta yi kwanaki ba ta fita ba. Muka gaisa. Kafin in buɗe baki ta riga ni.

"Ke, akwai abin da nake so in bar miki wasiyya. In tawa ta zo, ki dasa mini tawa a kusa da ta Malam. Ki gaya wa 'yata ta riƙe mini wurin, kada a bai wa wani."

Ta ɗauka layi ne ya yanke, ta ɗaga murya.

"Kina ji na?"

"Ina ji, Hajiya. To."

Aminiyata ta yi ta kira, ta aiko mutane, har maigidana ya sa baki. Wataƙila wata rana in yafe mata bishiyar. Amma wannan "to" da ta sa na ce wa uwata, har yau ban iya yafewa ba.