Gona Ɗaya, Mutum Ɗaya

Mahaifina manomin rani ne, amma bai taɓa mallakar ƙasa ba. Lambunsa yana bayan Bukuru, a bakin wani tafki da masu haƙar kuza suka bari, kuma filin na wani dattijo ne ɗan ƙabilar Birom. Tun kafin a haife ni tsarinsu ɗaya ne. Ruwan sama na ɗaukewa Baba zai shiga da kabeji da latas da karas. Ruwan farko na sauka zai kwashe injin ban-ruwansa, mai fili ya shuka masara.

Shekarar korona an rufe gari kabeji na tsaka da naɗewa. Motocin da ke kwasa zuwa kudu ba su zo ba. Makarantar da nake koyarwa ma a rufe take, saboda haka da hannuna na taya Baba zubar da abin da ya ruɓe. Jari ya karye, ya fara zancen sayar da injin. In injin ya tafi noma ya ƙare ke nan, ni kuwa na san zaman gida kashe Baba zai yi.

Sai aka ce gwamnati za ta tallafa wa manoman da annoba ta durƙusar, da sharaɗin a ɗauki hoton manomi tsaye a gonarsa. Kun dai san tafiyar gwamnati. Ba su tashi zuwa ba sai tsakiyar damina, masarar dattijon ta kai ƙirji.

Ma'aikacin da suka turo ya ɗaga waya ya ce, "Wane ne mai gonar?"

Na zunguri Baba. "Ku shiga mana, Baba."

"Ni ban shuka masara ba," in ji shi, ko kallona bai yi ba.

Dattijon ya ce da irin Hausarsa, "Oga, rani na shi ne, damina na ni ne. Ɗauka mu biyu."

Ma'aikacin ya ce wa dattijon, "Baba, gona ɗaya, mutum ɗaya."

Mahaifina ya ja baya. Dattijon ya gyara hula ya shige cikin masara, har da murmushinsa. Raina ya ɓaci da su duka biyun, na yi ta masifa a hanya ni kaɗai, Baba yana ta kallon duwatsu ta tagar mota.

Da kaka wani mai katako a kasuwar Katako ya taya injin. Baba ya ce in raka shi ya sanar da mai fili bana ba zai shiga ba, don bai kamata ya ji a bakin wani ba. Muka tarar an cire karan masara, an share filin. Gindin mangwaro ga buhunan taki, ga jarkar fetur, ga ƙullin irin kabeji a leda.

"Malam, kuɗin hoto ya zo," in ji dattijon. "Takin da kana zuba da rani, shi masara na yana ci da damina. In ka zauna gida, ni zan ci mene?"

Baba ya durƙusa ya kwance ledar, ya daɗe yana juya irin a tafin hannunsa.

"Dattijo, an cuce ka a kasuwa," ya ce. "Wannan ba shi nake shukawa ba."

Sannan ya juyo gare ni. "Tsayuwar me kake yi? Je ka ɗauko injin."