Tudun Bayan Bariki

Na bar ɗakinmu na unguwar Gubaira a Riyad bayan sallar asuba ranar Juma'a, ranar da kafilina, wato ubangidana, ke sakina na sha iska. Saƙon gida ne ya fito da ni. Samarin garinmu, can arewacin Damagaram, sun yi gayya suna yashe tsohon barikin Faransa da rairayi ya binne. Washegari za su sa wa wani tudu na bayan katanga diga, wai rumbun harsashi ne. Liman ya ce a fara tambayar Baba Ilu, wanda ya yi wa barikin ɗiban ruwa yana yaro. Baba Ilu kuwa yana nan Riyad, ba ya riƙe waya.

Dira

Na hau tasin wani Bafakistane. Wajen Bataha 'yan sanda suka tare mu. "Iƙama!" Na miƙa katin izinin zamana, suka duba fuskata, suka ce yalla, mu wuce. Ƙarfe bakwai na sauka unguwar Dira, shagon Alhaji Sabo, Bakano mai turare, wanda ya san kwanan kowa. Sai da ya cika ni da ful da tamis, wake da gurasa ke nan, sannan ya saurare ni.

"Ilu mai faɗa? Ya bar gadi tun bara, yana Al-Oud wajen 'yarsa." Ya nuna Masmak, tsohon barikin sarakunan Saudiyya, da baki. "Ga nasu na ƙasa, sun gyara abinsu. Ku ma Allah ya taimaka."

Al-Oud

Da hantsi na same shi a inuwar katangar maƙabarta, yana shan shayi.

"Ɗan wa ne kai?"

"Jikan Mai Gishiri ne, Baba."

"Ai ga kunnuwan nan."

Na nuna masa hotunan aikin a waya. Ya yi ta dariyar yadda samari ke riƙon shebur, ya ce ragwaye ne duka. Da muka zo kan tudun sai ya ajiye kofin.

"Wa ya ce musu harsashi? Mutane ne, yaro. Waɗanda aikin tilas ya kashe, nan ake rufe su, Nasara bai yarda a bar aiki a kai su kushewa ba. Babana yana ciki."

Na kira Liman, Baba Ilu ya karɓe wayar yana ɗaga murya kamar da baki zai isar da ita gida.

"Malam, barikin ku gyara, hannunmu ya gina shi. Tudun ku kewaye shi da ƙaya." Ya sassauta murya. "Ku rage mini wuri a gefe."

Hawaye ya zo mini, ban ɓoye ba. Ya harare ni, ya ce in sha shayina kafin ya huce.

Gubaira

Tare muka yi Juma'a, na iso gida da la'asar. Kafin magariba ƙanena ya kira: an ajiye diga, gari ya fita bayan katanga ana addu'a. Na gode wa Alhaji Sabo, na gode wa Allah da ya sa yau na sami Baba Ilu, ba jibi ba.