Cinikin da Na Shiga

Mahaifina dillalin shanu ne a karar Daura, kuma ba abin da ya tsana irin mutum ya tarar ana ciniki ya tsoma baki. Yakan ce in mai kaya ya ce albarka, mai saye ya juya baya, cinikin bai mutu ba, hutawa yake yi. Sai an rabu sarai kake da ikon tayawa. Na sha jin wannan har ya gundure ni. Ni da nake fassara a kwamfuta, ina ruwana da dokar kara?

Bara da damina wata mata ta kira ni daga wata ƙungiya a Katsina. Suna da ɗan littafi kan rigakafin cututtukan dabbobi, suna son a mayar da shi Hausa domin makiyaya. Ta faɗi abin da za su biya. Na ce mata ya yi kaɗan, har da ɗaga murya don ta san ba yau na fara ba. Ta yi dariya ta ce, "Ku mutanen Daura akwai tsada. Wani dattijo ma da muka fara magana da shi a garinku cewa ya yi sai mun ninka."

A nan ya kamata in tambaya ko sun rabu. Ban tambaya ba, don ba na son jin amsar. Dattijo ɗaya ne ke wannan aiki a Daura, Malam, wanda ya koya mana Hausa a sakandare, ya kuma ɗora ni a kan fassara. Na san yanar ido ta rufe masa gani, na san kuɗin aikin asibiti yake nema. Amma abinci ya yi tsada a lokacin, gidana kuma cike da yara. Na nemi ƙari, ta ƙara abin da bai taka kara ya karya ba, na ce na sallama. Har wani daɗi na ji, wai na iya ciniki.

Ran Juma'a da aka sauko masallaci na biya gaishe shi kamar yadda na saba. Na same shi a zaure a kan buzu, ya kafa waya dab da hanci.

"Ɗan dillali, zo ka ara mini idonka," in ji shi. "Duba ko mutanen Katsina sun turo saƙo."

Na karɓa na duba, kamar ban san abin da zan gani ba. "Babu komai, Malam."

"Za su dawo," ya ce, hankalinsa kwance. "Ba ƙi na yi ba, albarka na ce. Da sun ƙara sai in je a wanke idon nan. Ai ba don kaina kaɗai na ja ba, in na karya farashi yau, ku za a riƙa tayawa haka gobe."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Ya laluba ya dafa gwiwata.

"Wa zai karɓi aikin nan a yadda suka taya? Ko kai da kake yaro ai ba za ka yarda ba."

Na ce, "Haka ne, Malam." A lokacin na riga na tura musu rabin littafin.