Ranar da Kawu Gimba Ya Nuna Ni a Kotu

Duk shekarar da aka turo mana ɗalibai sanin makamar aiki, kamar yadda aka turo ku yanzu, akwai wata safiya da take dawo mini a rai, kuma ba na jin zan manta da ita. Ita ce safiyar da kawuna ya miƙa hannu a cikin kotu ya nuna ni.

Ni ban shigo aikin lauya da ƙuruciya ba. Digirina na farko a fannin Hausa ne, kuma na daɗe ina karanta labarai a gidan rediyo kafin na koma jami'a na karanta shari'a, furfura ta riga ta fara fito mini. Ga wanda bai san tsarin ba, digirin shari'a shi kaɗai ba ya mai da mutum lauya. Sai ya wuce makarantar horar da lauyoyi, ya yi kusan shekara, ya ci jarrabawar ƙarshe, sannan manyan lauyoyi da alƙalai su tantance halinsa su rantsar da shi. A tsakiyar wannan shekara ake tura ɗalibi kotu na wasu makonni, sannan ofishin lauya. Aikinsa ya zauna, ya saurara, ya rubuta abin da ya gani. Ba ya magana a madadin kowa, ba ya ba kowa shawarar shari'a. Alƙalin da aka tura shi wurinsa yana rubuta rahoto a kansa, kuma idan rahoton ya nuna ɗalibi ya yi aikin lauya kafin a rantsar da shi, maganar rantsarwa tana iya tsayawa a nan.

Ni aka turo ni gida, wata kotu a nan Potiskum, a tsakiyar damina. Muna zama a benci na gefe, baƙar kwat da farar riga, babu hular gashi, babu baƙar alkyabba. Waɗannan na lauyoyi ne, su ke zama a gaba.

Kawu Gimba ƙanin mahaifiyata ne, a Dogo Tebo yake zaune, kuma dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar dabbobi, tun ban san kaina ba. A kara baƙo ba ya ciniki da bakinsa. Dillali ne ke tsaya masa, shi ke yin magana, shi ne kuma shaidar cewa dabbar ta mai ita ce. Babu wanda ke ba dillali takarda. Yaro ya bi ubangidansa shekaru yana riƙe igiya, wata rana ubangidan bai fito ba, sai ya sallama bijimi da kansa, daga ranar ya zama dillali. Da wannan idon Kawu yake kallon karatuna. Tun ina shekarar farko a karatun shari'a yake kirana Barista, kamar yadda rabin garin nan ke kiran duk wanda aka ga yana ɗauke da littafin shari'a.

Ban san yana da ƙara ba. Wani mahauci ya sayi bijimi ta hannunsa, daga baya wani makiyayi daga wajen Mamudo ya zo ya ce nasa ne aka sace, aka karɓe bijimin. Mahauci ya shigar da ƙara a kan Kawu, tunda shi ya tsaya wa mai sayarwa. An kai masa sammaci, ya ajiye. Bai ɗauki lauya ba, bai shigar da amsa ba, bai kuma faɗa mini ba. A ganinsa babu abin faɗa. Yana da ɗa a cikin kotun.

Da safiyar ranar na hange shi a bencin jama'a, da babbar riga mai sitaci, abokan sana'arsa sun kewaye shi. Na ɗauka rakiya ya yi. Na ɗan sunkuyar da kai na gaishe shi daga nesa, ya ɗaga mini hannu yana murmushi.

Rajistara ya kira ƙara, sai na ji sunan Kawu. Lauyan mahauci ya tashi ya gabatar da kansa. Mai Shari'a mace ce, mai magana a hankali, kuma tana jin Hausa sarai, amma da Turanci ake rubuta zaman kotu, don haka komai sai ya bi ta bakin tafinta. Ta tambaya ko wanda ake ƙara yana da lauya.

Kawu ya gyara rigarsa ya ce, “Ina da shi, ranki ya daɗe. Ga shi can.” Ya miƙa hannu. “Sale, tashi mana.”

Ɗalibar da ke zaune kusa da ni ta ɗan matsa gefe. Mai Shari'a ta cire tabarau ta dube ni, ta tambaye ni ko ni nake tsaya wa wannan mutumin.

Na tashi. Na ce a'a, ni ɗalibi ne, ba a rantsar da ni ba, kuma wanda ake ƙara kawuna ne. Tafinta ya juya wajen Kawu, ya ɗaga murya yadda aikinsa ya tanada.

“Ya ce shi ba lauya ba ne.”

“Wa ya ce?”

“Shi da kansa.”

“To duk shekarun nan me yake yi a can?” Kawu ya dube ni sama da ƙasa. “Ga kwat ɗin a jikinsa. Na ɗauka zafi ne ya sa ya cire hular.”

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa a bencin lauyoyi. A bencin mutanen kara babu wanda ya yi dariya. Duk sun sunkuyar da kai, kuma wannan ya fi dariyar ciwo, domin na gane Kawu ya taho da su ne su ga ɗan 'yar'uwarsa yana magana.

Mai Shari'a ta ce in zauna. Lauyan mahauci ya ce an kai sammaci tuntuni, babu amsa, yana roƙon a bar shi ya kira shaidunsa a yau. Na san abin da ake bukata. Jimla ɗaya ce: a roƙi kotu ta ɗage zama, ta ba wanda ake ƙara lokaci ya nemi lauya ya shigar da amsa. Na ji ta a bakin lauyoyi kullum tun da na fara zama a wurin. Tana bakina. Amma idan na furta ta, na tsaya masa ke nan a gaban alƙalin da za ta rubuta rahotona. Na dafe gwiwoyina na yi shiru.

Mai Shari'a da kanta ta tambayi Kawu ko yana son a ba shi lokaci.

“Ba na so,” in ji shi. “A yi abin da za a yi. Tunda nawa ya ƙi, wane bare zan nema?”

Ta sake tambaya, ya sake ba da amsa iri ɗaya, fuskarsa a juye daga inda nake. Na ga ta ɗauki alƙalami. Idan aka ci gaba a haka, shaidar ɓangare ɗaya za a ji, kuma abin da zai bi Kawu kara shi ne sunan dillalin da ke tsaya wa ɓarayi.

A nan ne Barista Disa ya tashi. Shi ne lauya mafi daɗewa a cikin kotun ranar, dattijo ne mai ɗan ɗingishi, kuma wata ƙarar daban ta kawo shi. A al'adar kotu, lauyan da ba shi da hannu a ƙara yana iya neman izini ya taimaka wa kotu. Ya nemi izinin ya yi magana da wanda ake ƙara na ɗan lokaci, aka ba shi. Ya taka har inda Kawu yake, ya gaishe shi da Ngizimanci, sannan ya koma Hausa don kowa ya ji.

“Alhaji, a kara kun taɓa barin wanda ba ku yarda da shi ba ya sallama shanun mutane?”

“Ba ma bari.”

“To mu ma haka. Yaron nan naka igiya yake riƙewa har yanzu. Saura kaɗan manyanmu su ba shi baki. In ya yi magana yau, ba za su ba shi ba har abada. Kai kake son ka zama sanadi?”

Kawu ya juyo ya dube ni. Can ya ce, “Yaro? Furfura fa gare shi.”

“A wurinmu jariri ne. Ka ce kana neman lokaci.”

Kawu ya dubi tafinta ya ce, “Ina neman lokaci.” Aka ɗage zama.

Bayan an tashi, Mai Shari'a ta sa aka kira ni ofishinta. Ba ta ba ni kujera ba. Ta tambaye ni ko na san da ƙarar, ko na ba shi shawara, ko na rubuta masa wani abu, ko na karɓi wani abu daga hannunsa. Na ce a'a ga kowace. Ta ce daga yau duk ranar da za a kira wannan ƙara in fita waje, kuma kada in tattauna ta da shi ko a gida. Na tambaya ko abin da ya faru zai shiga rahoto. Ta ce zai shiga, yadda ya faru.

Bayan la'asar na hau Keke Napep zuwa Dogo Tebo. Na tarar da Kawu a zaure, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice.

“Yanzu nan ba kotu ba ce,” in ji shi. “Daga ni sai kai. Faɗa mini abin da zan ce musu.”

“Kawu, ka yi haƙuri. Ko a nan ba zan iya ba.”

“Ko a zaurena?”

“Ko a zaurenka. Amma zan raka ka ofishin Barista Disa gobe, in tsaya a waje.”

“Ka tsaya a waje,” ya maimaita. Ya tashi ya shiga gida.

Washegari ya je, amma shi kaɗai. Daga baya na ji a bakin mahaifiyata cewa Barista Disa ya kai maganar gaban shugabannin dillalai, aka nemo wanda ya kawo bijimin, aka yi sulhu, kotu ta amince da shi. Sunan Kawu ya fita lafiya. Tsakanina da shi kuwa gaisuwa ce kawai har na koma makaranta. Ban ga rahoton ba, domin a rufe ake aika shi. Na yi jarrabawar ƙarshe ban san abin da ke ciki ba, kuma ban samu natsuwa ba sai ranar da na ga sunana cikin waɗanda za a rantsar.

Watanni bayan haka, ina zaune a wannan ofishin, aka ce ina da baƙi. Kawu ne, da wani makiyayi a bayansa. Bai zauna ba, bai kuma bar mutumin ya zauna ba.

“Sale, kafin mu fara. Sun ba ka bakin?”

“Sun ba ni, Kawu.”

“Da gaske, ko irin na wancan karon?”

“Da gaske.”

Sai ya juya ya ce wa makiyayin, “To zauna. Wannan lauya ne.”

Abin da nake so ku ɗauka ke nan. Za ku koma unguwanninku da baƙar kwat, kuma wanda zai fara roƙonku ku yi magana ba baƙo ba ne. Wanda ya goya ku ne, ko wanda ba ku taɓa ce masa a'a ba. Ku ce ba ku isa ba tukuna, ku nuna masa ƙofar wanda ya isa. Za a ji haushinku, kuma haushin yana iya daɗewa. Idan kuma wata rana kuna zaune a bencin gaba, da hular gashi a kanku, kuka ga ɗalibi ya dafe gwiwa ya yi shiru alhali nasa na cikin matsala, ku tuna shi ba shi da izinin tashi. Ku kuna da shi.