Iska a Birkin Malam Nata'ala

Ana sallame sallar asuba Malam Nata'ala ya shimfiɗa buhu a ƙofar gidansa a Dutse, ya kwanta ƙarƙashin tsohuwar motarsa da sifana a hannu. Tun jiya da yamma, yana dawowa daga Miga, ya ji birki ya yi laushi, sai ya taka har ƙasa kafin ya kama. Iska ce ta shiga cikin man birki. Ƙarfe goma kuma ake jiran matarsa, Halimatu Sa'adiya, a wani asibiti a Kano domin wankin ƙoda. Wanda ya makara, wani ake sawa a gurbinsa, sai wani makon. Jikinta ba zai kai wani makon ba, kuma ba ta iya zaman motar haya.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙi a wata ma'aikata, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Ba ya kai birkinsa gareji. Yakan ce makanike zai gyara maka komai, amma ba shi zai zauna a ciki ba. Sai dai fitar da iska aikin mutum biyu ne: ɗaya ya buga birki ya riƙe, ɗaya ya kwance ɗan notin da ke bayan taya, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure, sannan na ciki ya saki. In ya saki noti na buɗe, iska ta koma. Duk shekarun nan matarsa ce ke taka masa. Yanzu ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga.

Don haka ya zaunar da Kamilu, mijin 'yarsa, malamin makaranta a Kafin Hausa, wanda ya kwana don ya raka su. Mutum ne mai kunya, bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba.

"Buga sau biyar. Riƙe. Ka riƙe?"

"To, Baba."

"Ba 'to' nake so ba. Ka ce na riƙe."

"Na riƙe, Baba."

Sun gama tayoyin baya, sun dawo na gaba, gwangwanin mai ɗaya tal ya kusa ƙarewa, shaguna kuma ba su buɗe ba. Malam Nata'ala ya kwance noti ke nan sai ga liman ya biyo ta layin, ya yi sallama. Kamilu bai yi tunani ba. Ya cire ƙafa, ya buɗe ƙofa, ya durƙusa a ƙasa yana gaisuwa, don ba a gai da babba daga kan kujera.

Daga ƙarƙashi Malam Nata'ala ya ga man da ke cikin ɗan tiyon da ya maƙala a notin ya zuƙe ya koma. Ya amsa gaisuwar liman a kwance. Ya jira Kamilu ya koma kujera, ya ƙara jira ko zai faɗa. Kamilu ya mayar da ƙafa kan birkin kawai.

"Kamilu, ka saki?"

"Baba, ai… ɗan kaɗan ne."

"Babu kaɗan a birki. Gaisuwarka ta yi kyau, amma ta shanye mana mai. Abin da ya fi damuna, da ban gani ba, da haka za mu hau titin Kano."

Kamilu ya sunkuyar da kai. Malam Nata'ala ya girgiza gwangwanin kusa da kunnensa. Abin da ya rage na zagaye ɗaya ne, ba na kuskure ba.

Daidai nan na fito zan tafi wurin gini, don ni maƙwabcinsu ne, na ga Halimatu Sa'adiya ta fito daga zaure tana dafa bango.

"Taso, ɗana, ba laifinka ba ne," ta ce. "Mutumin nan ni ma sai da ya yi shekara yana yi mini tsawa."

"Koma ciki," in ji Malam Nata'ala. "Da wace ƙafar?"

"Da wadda ta saba. Malam, kwanta ka yi aikinka, rana na yi."

Na ce in karɓe ta, ta ɗaga mini hannu. Kamilu ya taimaka mata ta zauna. Ta ɗora ƙafa biyu a kan birkin, ta kama sitiyari, ta buga sau biyar. Gumi ya keto mata.

"Na riƙe."

Malam Nata'ala ya kwance noti, kumfa ta fito, ya ɗaure. "Saki."

Sau shida suka yi. A na shida man ya fito garau. Ya juye ɗigon ƙarshe, ya rufe bonet, aka mayar da ita kujerar gefe, ya shiga ya taka. Birki ya tsaya a sama kamar dutse.

Sun isa da sauran lokaci, haka Kamilu ya gaya mini daga baya. A Kano Malam Nata'ala da matarsa suka zauna wurin ƙaninsa, kusa da asibitin, ba su dawo layinmu ba. Abin da na gani na ƙarshe a safiyar nan, Malam Nata'ala ya wanke hannu da buta, ya naɗe dardumar sallarsa, ya durƙusa ya ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya ya sa musu a ƙarƙashi, sannan ya rufe mata ƙofa a hankali.