Ismaël da kwamfutar da ke jan ƙafa

Ismaël ɗan Damagaram ne, ya karanci kwamfuta a Yamai, ya nufo arewa da niyyar Turabulus ko gaba. Garin Sabha da ke kan hanya kuwa ya ce masa, ina za ka? Sai ga shi a wata rumfa a unguwar Jadid yana gyaran wayoyi, baki har kunne, kowa nasa ne.

Nan Hajj Mabruk, mai ɗakin gwajin jini, ya zo ya same shi. Kwamfutarsa ta zama raƙumi mai taurin kai: a nemi sakamakon mutum guda, sai an dafa shayi an sha kafin ya fito.

Da suka je ɗakin gwajin, Ismaël na zama ya gano cutar. Sakamakon shekara da shekaru ne jibge a tebur ɗaya, ba fihirisa, wato jerin da ke nuna inda kowane sakamako yake, ko wa aka nema sai na'urar ta bi layi-layi tun daga sama. Aikin da bai kai cin tuwo ba! Ya buɗe baki zai faɗa ke nan, sai ya ɗaga kai ya ga Rabha, mai karɓar marasa lafiya, 'yar nan yankin Fezzan da ta tsotsi Hausa a wurin kakarta.

"Muhandis, zai gyaru?" in ji ta, don haka ake kiran injiniya a can.

"Kai, wannan babban aiki ne," in ji munafukin. "Sai a hankali."

To fa! Kullum sai ya zo, ya kwance wannan waya ya ɗaura waccan, ya hure ƙura, yana kaɗa kai kamar likita. Duk jiran da kwamfuta ta sa, hira ce ta samu. Ya san in ya gyara, ba shi da sauran dalilin tako ƙofar nan, abin da ke tsinka masa zuciya ke nan.

Ran nan wata tsohuwa daga Wadi Bawanis ta yi ta jiran sakamakonta har motar ƙauyensu ta tashi ta bar ta. Ta zauna a dakali tana share hawaye. Kunya ta kama Ismaël kamar ya nutse. Ya ja kujera, ya yi wa teburin fihirisa a kan lambar waya da ranar gwaji, ya ce, "Malama Rabha, gwada."

Kafin ta ɗauke yatsa, sakamako ya fito. Ta sake, ya fito. Sai guɗa! Ta nemi na ƙanwar babanta, na maƙwabta, na mai burodi, tana dariya har da riƙe ciki. Hajj Mabruk ya rungume shi yana "Mashallah, ya waladi, ɗana, aiki ya ƙare!" Kowa murna, shi kaɗai ke yaƙe.

Ya rataya jakarsa zai tafi. A bakin ƙofa Rabha ta tare shi.

"Muhandis, wayar nan da kake ta kwancewa kullum, ta fanka ce fa. Ka zaci ban gani ba?"

Ya hau sosa ƙeya, ita kuwa ta ci gaba.

"Kar ka ƙara wahalar da marasa lafiya saboda ni. Gidanmu da ƙofa, Baba kuma yana zaune a bakinta bayan la'asar."

Wayyo, Ismaël! Ya fita yana gaisar da mutanen da bai sani ba, ya faɗa ƙaramar bas bai tambayi inda za ta ba. Sai a filin jirgi ya farga, ya sauko yana tambayar direba ina ake sayar da jallabiya mai kyau.